Na Tuɓe Wa Babur Riga

A kwanar da ke gangarowa daga tudun Barón,
inda kwalta ke shan raɓar teku tun asuba,
can na zame da kwandon burodi a bayana.
Ni na tashi da ƙujewa a gwiwa,
babur ya tashi da tsagaggiyar riga.

Mai shago a Valparaíso ya latsa lissafi,
ya juyo min da na'urar, bai ko dube ni ba:
kuɗin sabuwar roba, albashin wata biyu.
Na ce na gode.
Wanda ba shi da kuɗin ɗinki
sai ya koyi tafiya ba taguwa.

Ran Lahadi na shimfiɗa kwali a tsakar gida.
Maite ta kawo kwalin ƙwai da babu ƙwai,
ta ce, kowane noti da ɗakinsa, Baba,
kar ka haɗa na hagu da na dama.
Shekarunta tara. Ta fi ni tsari.

Gefen hagu ya fita salin alin, da ma ya gaji.
Na dama ya yi gardama.
Gishirin teku ya liƙe noti guda da ƙarfe,
na ɗiga masa mai, na sha shayi, na dawo,
na lallashe shi da sifana mai lamba goma
har ya yi kukan tsohuwar ƙofa, ya saki.

Shekara shida ina hawansa
ban taɓa ganin hanjinsa ba:
wayoyi a cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana,
ja, kore, da wata rawaya da ba ta zuwa ko'ina,
busasshiyar tsaka a bayan lagireto,
da tikitin jirgin ruwa na Chiloé a ninke huɗu
da mai shi na farko ya cusa don roba ta daina kaɗawa.
Ban san mutumin ba.
Yanzu na san ya taɓa zuwa kudu, su biyu.

Don Eleuterio ya leƙo ta katanga,
ya ce, Aurelio, ka fige kaza da ranta.
Ya zagayo da tocila duk da haka,
ya riƙe min ita har rana ta faɗi a ruwa,
bai ƙara cewa uffan ba sai "ƙasa kaɗan."

Fitila zagayayya na samo wurin 'yan gwangwan,
ido ɗaya, irin na baburan da.
Na yanko mata mariƙi daga tsohon tiren gashi,
har yanzu yana warin man shanu in ya ɗau zafi.
Mita ta rasa gida, na ɗaure ta a wuyan babur.
Na haɗa waya, na danna siginar hagu,
sai oda ta amsa.
Maite ta yi dariya har ta kifar da kwalin ƙwai.
Muka bi notina da rarrafe, mu uku,
har da tsohon da ke kuka da gwiwa.

Da aka gama, uku suka rage a tafin hannuna.
Na duba ko'ina. Babu ramin da ke jiran su.

Litinin, ƙarfe biyar, na buga shi ya tashi.
Ashe haka muryarsa take.
Ashe inji na hura zafi a ƙwauri,
iska kuma tana da nauyi,
ta dafe min ƙirji da hannu biyu,
ta cusa min ƙarnin kifi da hayaƙin tashar jiragen ruwa.
Duk wannan roba ta tare min, ban sani ba.

Da na iso kwanar nan
ba sai mita ta gaya min ba.
Sanyi ya faɗa wa haƙorana, na sassauta.
Burodi da ɗuminsa a bayana,
noti uku na kaɗawa a aljihu.